Joseph Frank da Dostoyefski: Adabi a Cikin Zamaninsa

Ba kasafai akan sami malamin jami'a wanda ya ƙarar da kusan rabin ƙarni a kan marubuci guda ba. Joseph Frank, Ba'amurke wanda ya rayu daga 1918 zuwa 2013, ya kuma koyar a jami'o'in Princeton da Stanford, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin nan. Sai da ya girma ya koyi Rashanci, amma tsakanin 1976 da 2002 ya fitar da mujalladai biyar a kan rayuwar Dostoyefski da ƙagaggun labaransa.

Ginshiƙin aikin shi ne cewa ba a fahimtar marubucin nan sai an san da wa yake jayayya. Manazarta da yawa sun ɗauki littafinsa na 1864, wato "Rubutu Daga Ƙarƙashin Ƙasa", a matsayin kukan zuciyar marubucin kansa. Frank ya nuna cewa raddi ne ga littafin Cernishefski na 1863, "Me Ya Kamata A Yi?", wanda ya koyar da cewa muddin mutum ya gane inda amfaninsa yake, to zai aikata daidai. Tauraron Dostoyefski ya haɗiyi wannan aƙida, ta hana shi sakat, har ya gwammace ya cuci kansa don ya tabbatar yana da zaɓi. Ashe abin da aka zaci tabon hankali ne, gatse ne da aka shirya da gangan. Haka kuma Frank ya bi hujjoji ya raunana ra'ayin Freud na 1928, wanda ya danganta farfaɗiyar marubucin da mutuwar mahaifinsa.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Mai karatun da bai taɓa jin sunan Cernishefski ba, littafin yakan girgiza shi duk da haka. Tarihi yana bayyana mafarin littafi, amma bai isa ya bayyana dalilin ɗorewarsa ba bayan abokan jayayyar sun shuɗe. A nan Bakhtin, wanda tun 1929 ya lura da yadda muryoyin taurarin Dostoyefski suke karo ba tare da ɗaya ta danne sauran ba, ya fi kusantar sirrin salon.

Duk da haka, wanda ya bi Frank ba zai sake ɗaukar maganar tauraro ya jingina wa marubuci kai tsaye ba. Wannan kuwa kuskure ne da masu tarke suke yawan faɗawa cikinsa, ko da wane harshe suke nazari.