Ma'aunin Jera Mawaƙa a Gasar Eurovision: Ina Rabon Harshe?

1.0 Gabatarwa

Gasar Eurovision tana ɗaya daga cikin gasannin waƙa mafi daɗewa da ake nunawa a talabijin. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasashen Turai ce ta fara shirya ta a birnin Lugano na ƙasar Suwizalan a shekarar 1956, inda ƙasashe bakwai suka shiga. A tsarin da ya kafu daga baya, kowace ƙasa takan turo sabuwar waƙa guda wadda ba ta wuce minti uku ba, a rera ta a kan dandamali, sa'annan a jera mawaƙan tun daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe bisa yawan makin da kowa ya samu.

Manufar wannan maƙala ita ce tarken wannan jeri. Ra'ayin da za a kare shi ne, jerin ya fi bayyana irin ma'aunin da aka yi awo da shi fiye da darajar waƙoƙin da aka auna, kuma babban giɓin ma'aunin shi ne rashin tanadin gurbi ga kalmomin waƙa. An zaɓi wannan gasa ne saboda ta haɗa harsuna masu yawa a zaure ɗaya, ga kuma sakamakonta na shekara da shekaru a bayyane.

2.0 Yadda Ake Awo

Tun daga shekarar 1975 kowace ƙasa take raba maki ga waƙoƙi goma da ta fi so: 12 ga ta farko, 10 ga ta biyu, sa'annan daga 8 zuwa 1 ga sauran. Ba a yarda ƙasa ta ba kanta maki ba. Da farko alƙalai ne kaɗai ke yanke hukunci. A 1997 aka gwada ƙuri'ar 'yan kallo ta wayar tarho a ƙasashe biyar, a 1998 kuma aka faɗaɗa ta. A 2009 aka dawo da alƙalai zagayen ƙarshe, aka ba su rabi, 'yan kallo rabi. Daga 2016 kuma kowane ɓangare ya riƙa ba da makinsa daban, sai a tara su a ƙarshe.

Duk lokacin da aka sauya mudu, sai awon ya sauya. A 1969 ƙasashe huɗu suka yi kunnen doki a birnin Madrid, wato Sifen da Birtaniya da Holan da Faransa, kuma da yake babu dokar raba gardama, sai aka ce dukkansu sun ci. A 1991 Suwidin da Faransa suka tashi da maki 146 kowace. Wannan karon akwai doka, aka ba Suwidin kambi don ta fi samun maki 10 daga ƙasashe da yawa. Misalin 2016 ya fi waɗannan fitowa fili. Alƙalai sun sa Ostareliya a gaba da maki 320, 'yan kallo sun sa Rasha a gaba da maki 361, amma Yukren ce ta ci da jimillar 534, alhali ba ta zo ta ɗaya a wurin kowane ɓangare ba. Da an yi lissafin da tsarin shekarar da ta gabata, da Ostareliya ce ta ci. Waƙoƙin dai su ne, muryoyin su ne, masu sauraron ma su ne. Hanyar tara lambobi kawai ta bambanta.

3.0 Abin da Ma'aunin ya Bari a Waje

Manazarta waƙa a harsunan Nijeriya sun saba da duba jigo da salo da zubi da tsari da kuma aiwatarwa. Jigo da salo kuwa ba su samuwa sai ta cikin kalmomi. Idan aka ɗora wannan a kan ƙa'idojin da aka ba alƙalan Eurovision, alal misali a gasar 2023, sai a ga abubuwa huɗu ne: ƙarfin muryar mawaƙi, da yadda ya yi a kan dandamali, da tsarin waƙar da sabuntarta, da kuma yadda wasan gaba ɗaya ya shiga rai. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ambaci azancin magana ko sarrafa harshe da suna. Alƙalin da ba ya jin harshen Finlan ko na Albaniya, idan ya ba waƙa maki, ya auna murya da kiɗa da ado ne, sauran kuwa sai dai ya yi kirdado.

Masu tsara waƙoƙin sun gane wannan tun da wuri, suka nemi hanyar kauce wa harshe baki ɗaya. Waƙar da ta ci wa Sifen gasar 1968, amshinta gaɓa ɗaya ce tak ake ta maimaitawa. Wadda ta ci wa Norwe a 1995 kusan duk kiɗan goge ce, kalmominta 24 ne kacal. A 2003 ƙungiyar da ta wakilci Beljiyam ta rera waƙarta da wani harshen ƙirƙira wanda babu al'ummar da ke magana da shi, ta zo ta biyu da maki 165, tazarar maki biyu tsakaninta da Turkiyya mai 167. Ba a nan ake cewa waɗannan waƙoƙi ba su da daɗi ba. Abin lura shi ne, ma'aunin da waƙa maras ma'ana za ta kusa cinye shi, ya nuna da kansa cewa ma'ana ba ta da nauyi a cikinsa.

4.0 Dokar Harshe da Sakamakonta

A 1965 mawaƙin Suwidin ya rera waƙarsa da Ingilishi, abin da ya sa daga 1966 aka wajabta wa kowace ƙasa amfani da harshenta na hukuma. An ɗage dokar daga 1973 zuwa 1976, a cikin wannan tsakani ne ƙungiyar ABBA ta ci wa Suwidin da Ingilishi a 1974. An maido da ita a 1977, aka kuma soke ta a 1999.

Dokar tana da nata aibin. Harshen hukuma take karewa, ba lallai ne ya zama harshen mawaƙi ba. A 1968, zamanin mulkin Janar Franco, Joan Manuel Serrat ya nemi ya rera waƙar Sifen da harshen Katalan, aka cire shi aka sa Massiel ta rera da Sifaniyanci. Haka kuma dokar ba ta daidaita fagen ba. Tsakanin 1977 da 1998 an yi gasa 22, kuma in ban da shekarar farko, Ailan da Birtaniya da Malta ne kaɗai ke da izinin Ingilishi, amma waƙoƙin Ingilishi suka ci sau takwas: Ailan sau shida, Birtaniya sau biyu. Waƙoƙin Faransanci sun ci sau huɗu. Ke nan harsuna biyu da alƙalai suka fi ji sun kwashe fiye da rabin kambunan. Ruwa ba ya tsami banza.

Da aka soke dokar, sai ƙasashe suka yi tururuwa zuwa Ingilishi. A cikin gasa 18 da aka yi daga 1999 zuwa 2016, waƙa ɗaya ce tak ta ci ba tare da Ingilishi a cikinta ba, wato ta ƙasar Sabiya a 2007. Waƙoƙin Yukren biyu da suka ci a 2004 da 2016 sun gauraya Ingilishi da wani harshe ne. Sauran 15 duk Ingilishi ne zalla, daga ƙasashe irin su Estoniya da Latbiya da Girka da Rasha da Jamus da Azarbaijan. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma jerin ya koya wa mawaƙa cewa kukan gida ba ya kawo maki.

5.0 Alƙalai ko 'Yan Kallo?

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa ƙwararrun alƙalai su ne masu tsare fasaha, 'yan kallo kuwa son rai da siyasar maƙwabtaka suke bi. Akan kafa hujja da yadda Girka da Saifurus suka daɗe suna musayar maki 12. Sai dai ƙasashen nan biyu harshe ɗaya suke ji, mawaƙansu kuma kasuwa ɗaya suke ci. Wanda ya zaɓi waƙar da yake jin kalmominta ya fi kusa da yin hukuncin adabi a kan wanda ya zaɓi wadda ba ya ji.

Raba makin da aka fara a 2016 ya ba da damar gwada wancan ra'ayi, kuma sakamakon bai goyi bayansa ba ta fuskar harshe. A 2017 ɓangarorin biyu sun haɗu a kan waƙar Fotugal wadda aka rera da harshen ƙasar, ta ci da maki 758. A 2021 'yan kallo ne suka ɗaga waƙar Italiya mai Italiyanci har ta ci. A 2022 alƙalai sun fifita waƙar Birtaniya, 'yan kallo suka ba ta Yukren maki 439, ko da yake tausayin yaƙin da ya ɓarke a wannan shekara yana da hannu a ciki, don haka ba za a jingina hujja a kanta ita kaɗai ba. Gasar 2023 a birnin Liverpool ta fi zama shaida. Loreen ta Suwidin ta rera da Ingilishi, ta samu 340 daga alƙalai da 243 daga 'yan kallo, jimilla 583. Käärijä na Finlan ya rera da harshensu, ya samu 376 daga 'yan kallo da 150 daga alƙalai, jimilla 526. A lokacin alƙalai biyar ne a kowace ƙasa, kuma nauyin hukuncinsu daidai yake da na duk masu ƙuri'a na ƙasar. Wannan bai nuna waƙar Finlan ta fi ta Suwidin ba. Ya dai nuna cewa fifita Ingilishi ba laifin jama'a ba ne su kaɗai, domin ƙwararrun da suka taso a kasuwar waƙa guda sukan yi tarayya a kunne guda.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa jerin mawaƙa a gasar Eurovision yana sauyawa da sauyin hanyar lissafi, cewa ma'aunin bai ba kalmomi gurbi ba, kuma cewa harsunan da ba su yaɗu ba su ne suka ɗauki asarar, da doka da kuma bayan soke ta. Maido da dokar tilas ba zai warkar da ciwon ba, kamar yadda tarihin 1977 zuwa 1998 ya nuna. Gyaran yana ga ma'aunin ne: a ware wa kalmomi nasu makin a fili, a sa masana harshe da adabi cikin alƙalai, a kuma tabbatar fassarar kowace waƙa tana gaban mai hukunci kafin ya yanke.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin gasanni irin su Idols West Africa na 2007 da Project Fame wanda ya gudana daga 2008 zuwa 2016 sun bi tafarkin haɗa alƙalai da ƙuri'ar 'yan kallo, a ƙasar da ke da ɗaruruwan harsuna. Duk gasar da za ta jera mai waƙa da Tibi da mai waƙa da Kanuri da mai waƙa da Ingilishi a layi ɗaya, wajibi ne ta fara amsa tambayar wane ne cikin alƙalanta yake jin abin da kowannensu ke faɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma hukunci a kanta sai mai jin harshenta.