Waƙar da Ba Ta Shiga a Jin Farko: Kariya ga Kiɗan Fada

Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare a bakin matasan da ke harkar waƙa a yau, daga masu haɗa kiɗa a situdiyo har zuwa masu tura waƙa a waya. Wai waƙar kirki ba ta ɓoyuwa, tun a jin farko take kama mutum. Wadda kuwa sai an yi ta saurare kafin a so ta, a cewarsu, sabo ne kawai ya yi aiki, kuma sabo turken wawa ne. Da wannan ma'auni suke auna waƙoƙin fada. Ka kunna musu Narambaɗa ko Sa'idu Faru, kafin minti biyu sun yamutsa fuska: abu ɗaya ake ta nanatawa, kiɗan ba ya motsi, Hausar ma ba a jin ta. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Waƙoƙin da suka fi daɗewa a zukatan Hausawa, da yawansu irin waɗanda ba sa shiga a jin farko ne, kuma wannan jinkiri nasu yana cikin gininsu, da gangan aka yi shi.

A yi adalci, masu sukar ba ƙarya suka yi ba game da jin farko. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, ya ci karo da waƙar Bagobiri ko Bazamfare, sai ya yi tuntuɓe da karin harshe, ga "munka" da "sunka", ga "hwada" a maimakon fada. Muryoyin 'yan amshi suna hawa kan muryar jagora. Rikodin tsoho ne, da shuuu ɗin faifai ko na kaset a bayansa. Kiɗan kotso ba ya tashi da mutum tsaye kamar kalangu. Duk wannan gaskiya ne. Inda suka ɓata shi ne da suka ɗauki ƙofar gida a matsayin gidan gaba ɗaya, suka leƙa zaure suka juya.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Kiɗan fada ya girma ne a gindin sarauta, kowane babban sarki da makaɗansa na tambari, ko taushi, ko kotso, ko jauje. A ƙarni na 20 ƙasar Sakkwato da Zamfara ta fitar da manyan da har yau ake ji da su: Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya fitar da muryoyinsu daga ƙofar fada ya kai su shagon tela da tashar mota, kaset ya ƙarasa aikin. Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa, sannu a hankali fiyano ya karɓe kunnuwan matasa, yau kuma an iso zamanin guntun bidiyo na TikTok, inda waƙa take da 'yan daƙiƙoƙi ta kama mutum ko yatsa ya ture ta.

Yanzu mu zo ga ainihin dabarar, wato yadda ake komawa gindin waƙa. Kowa ya san waƙar fada tana da gindi da ɗiya, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara sunayen a nazarce-nazarcensa. Gindin gajere ne, galibi kirarin sarki ne da sunan uba ko kaka, sai wata siffa ta ƙarfi, giwa ko zaki ko bajimi. Mai jin farko yana jin gindin nan ya dawo sau ashirin, sai ya ce maimaici ne. Lafazin ne kawai yake dawowa yadda yake. Ma'anar kuwa kowace dawowa da tata.

A duba yadda abin yake tafiya. Jagora ya yi ɗa na farko a kan asali, ya jero iyaye da kakanni da garuruwan da suka riƙe. Da 'yan amshi suka faɗo kan gindi, kirarin nan sai ka ji shi a matsayin gado, wato wannan giwa ɗiyar giwaye ce. Ɗa na biyu ya juya kan 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, ya yi musu zambo, ya kwatanta wani da dabba, ya taɓa rowar wani. Aka koma gindi. Kalmomin ba su canja ba, amma yanzu kirarin ya zama gargaɗi, giwar tana taka wani ne. Ɗa na uku ya lissafa kyauta, doki da riga da rawani. Aka sake komawa, sai gindin ya zama godiya. Can gaba makaɗin ya tuna mutuwa, ya ambaci wani sarki da ya wuce, sai gindin nan dai ya fito da sanyin jiki kamar addu'a. Layi ɗaya ya yi aiki huɗu. To yaya za a yi mutum ya ji wannan a karon farko, alhali a lokacin kunnensa yana fama ne da rarrabe kalmomin gindin kansa? Sai gindin ya zauna a kansa daram, ya daina neman sa, sannan hankalinsa zai sami sararin lura da abin da ɗiyan suke ɗora masa. Wannan ba ya samuwa sai a ji na uku ko na biyar.

Dabara ta biyu tana manne da ta farko, ita ce rabon magana tsakanin jagora da 'yan amshi. A wurin Shata, amshi yakan zama gajere kuma tsayayye, shi yana zuba magana su suna riƙe masa turke. A wurin makaɗan kotso abin ya fi haka sarƙaƙiya. Jagora yakan fara jimla ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su maimaita abin da ya faɗa su yi masa ƙari. Wani lokaci tun bai rufe baki ba sun shigo, muryoyi su haɗu kamar igiyar da ake tufkawa. Wannan ne abin da baƙon kunne yake kira hayaniya. Amma wanda ya san waƙar, a daidai wannan gaɓa yake jin daɗinta, domin ya san inda jagora zai saki, ya san abin da zai biyo baya, kuma yana jiran ya ji ko za su shigo a kan lokaci. Aikin amshi a nan makaranta ce. Ɗanƙwairo da kansa ya daɗe yana bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda da yayansa Kurna kafin ya zama jagora, shi ya sa in ka saurari ƙungiyarsa za ka ji babu inda zare ya tsinke tsakaninsa da yaransa.

Shi ma kotson da ake cewa ba ya motsi, motsinsa ne ƙanana. Ganga ce mai baki ɗaya, da hannu ake kaɗa ta, ana matsa tsirkiyarta sauti ya hau, a sassauta ya sauka. Ba a yi ta don rawa a dandali ba, an yi ta ne don ta bi tafiyar sarki da tafiyar magana. In kunne ya saba, zai fara jin inda makaɗi ya danne sauti don ya ba kalma hanya, da inda ya ɗaga shi don ya sanar da dawowar gindi. Abin kamar goro ne, ɗaci yake fara zuwa, garɗin sai an tauna an jima.

Sai kuma zambo da habaici, waɗanda su ne taskar da ke buɗewa a ƙarshe. Makaɗin fada ba ya kama sunan wanda yake yi wa zambo. Siffarsa yake zanawa, ko tafiyarsa, ko wani abin kunya da ya taɓa yi, mutanen fada su gane su ƙunshe dariya. Mai saurare na yau zai iya shekara yana jin ɗan waƙa a matsayin zancen kura ko biri, sai ranar da wani dattijo ya warware masa rikicin sarautar da ke ƙarƙashinsa. Daga ranar waƙar ta zama sabuwa a kunnensa. Waƙar da ke iya sabunta kanta bayan shekara goma ba a auna ta da minti biyu.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tsohon tela ko ya shiga motar direban da ke son waɗannan waƙoƙi ya ga abin da nake nufi. Kaset ko waya na yi, ƙafar telan na kan keken ɗinki, ba ya ko ɗaga kai. Jagora na sakin jimla, shi zai riga 'yan amshi ƙarasawa. Kafin zambo ya iso ya fara murmushi, domin ya hango shi tun daga nesa. In ka yi magana a daidai wurin sai ya ɗaga maka hannu, ya ce tsaya ka ji nan. Ya ji wurin nan sau ɗari, amma yana jiran sa kamar baƙo.

Masu cewa sabo ne kawai suna da abin kafa hujja. Tun 1968 Robert Zajonc, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa yawan cin karo da abu yana sa a ƙara son sa. Ba na musun wannan, sai dai bai isa bayani ba. Da sabo kaɗai ke aiki, da waƙoƙin siyasa da ake kwana ana bugawa a lasifika lokacin zaɓe sun fi kowace waƙa daɗewa. Ana gama ƙidayar ƙuri'a yawancinsu suke mutuwa. Da tallar rediyo ta zama abin so, alhali haddace ta muke yi muna jin haushinta. Maimaici yana buɗe abin da ke ciki ne kawai. In akwai kaya ya fito da su, in babu ya tona asiri. Waƙar da ta ba da duk abin da take da shi a jin farko, a ji na goma gundura take yi. Bakandamiyar Narambaɗa, wadda shi da kansa ya ɗaga ta sama da sauran waƙoƙinsa, a ji na goma ne ma take fara sakin jiki da mutum.

Masu cewa begen zamanin da ne ke damun mu, su ma ba su duba da kyau ba. Mafi yawan masu son Narambaɗa a yau ba su zo duniya ba lokacin da ya rasu, ba su taɓa taka Isa ba, ba su da gadon sarauta. Begen me za su yi? Masu kawo Shata a matsayin hujja kuwa, wai ga gwani kuma yana kamawa nan take, na yarda Shata yana kamawa tun daga ƙofa, Hausarsa a buɗe take, kalangunsa na da zafi. Amma abin da ya riƙe mutane a wurinsa har bayan rasuwarsa a 1999 ba zafin kalangu ba ne, habaicin da ake ganowa daga baya ne. Kuma in aka zo maganar zurfin gini, ni dai a wurina makaɗan kotso suna gaba. Ko a cikin mawaƙan situdiyo, waɗanda waƙoƙinsu suka wuce tashen wata uku, irin su Aminu Ala, za ka tarar sun sha daga wannan rijiya: gindi mai nauyi, ɗiya masu ɗauke da tarihi, da kalmomin da sai an yi tambaya.

Abin da na daɗe ina gani shi ne, waƙar fada ba ta ɗauki mai saurare a matsayin ɗan kallo ba. Gurbi ta bar masa a sahun 'yan amshi. Gindin da ake ta dawowa kansa koyarwa ce, ana ɗora shi a bakinka. Jimlar da jagora ke saki a tsakiya gayyata ce, ana jiran ka ƙarasa. Zambon da ba a kama suna ba amana ce, ana so ka nemo sauran da kanka. Don haka waƙar ba ta cika ba sai ranar da bakinka ya fara motsi tare da na 'yan amshi. Wanda ya ji ta sau ɗaya bai ji ta ba tukuna, domin nasa kason aikin bai yi ba. Abin da muke kira "waƙar ta shige ni" a gaskiya mu ne muka shiga cikinta. Nan ne hatsarin zamaninmu yake. A da rediyo ne ke zaɓa, ko kana so ko ba ka so waƙa za ta dawo gobe, har ta sami lokacin da take buƙata. Yau yatsa ne ke mulki, kuma yatsa ba shi da haƙuri. In mawaƙa suka ga abin da ke kamawa a daƙiƙa goma kaɗai ke ci, za su daina gina irin waƙar da ke buƙatar mako guda, mu wayi gari da waƙoƙi masu yawa amma babu ta ajiyewa.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyonmu da su riƙa sa waɗannan waƙoƙi cikakku, ba guntu a tsakanin talla ba, su kuma gayyato masana da dattawan fada su warware zambo da tarihin da ke ciki. Malaman Hausa a sakandare da jami'a su daina wadatuwa da rubutaccen matani a takarda, su kunna waƙar a aji fiye da sau ɗaya. Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu cewa abu ɗaya ake ta nanatawa, nemi Bakandamiya ko Dokin Iska Ɗan Filinge, ka saurara kullum har mako guda ba tare da ka tsallake ba, ka tambayi wani babba abin da ya shige maka duhu. Bayan nan ka yanke hukuncinka.