Gitar ƙarfe a kiɗan Kajun: baƙuwar da ta zama ƴar gida

A kudu maso yammacin jihar Luiziyana ta Amurka akwai al'ummar da ake kira Kajun, jikokin mutanen Akadiya masu jin Faransanci waɗanda Turawan Ingila suka kora daga gabashin Kanada tun daga shekara ta 1755. Kiɗansu ya zagaya duniya. Duk wanda ya taɓa ganin hoton makaɗansu a jikin faifai ko a takardar tallar wani biki, abu uku ya fi gani: akordiyon, da gogen Turawa, da ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake bugawa da sanda. Hoton bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar mutum guda a waje, wato makaɗin da ke zaune a gefen dandamali, kai sunkuye kamar tela a gaban kekensa, yana jan guntun ƙarfe bisa tsirkiyoyin da ke shimfiɗe gabansa. Abin da yake kaɗawa shi ake kira gitar ƙarfe.

Asalinta daga tsibiran Hawai ne, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma Joseph Kekuku ake dangantawa da ƙirƙiro salon. Ana kwantar da gitar, ba a danne tsirkiya da yatsa. Ƙarfe mai santsi ake zamewa da shi, sauti ya tashi ko ya sauka ba tare da ya yanke ba. A farkon shekarun 1930 aka haɗa ta da lantarki, a 1935 kuma Bob Dunn ya shigar da ita faifan makaɗan rawa na Texas, maƙwabciyar Luiziyana. Daga can ta ƙetaro, tare da rediyo da aikin rijiyoyin man fetur. Lokacin kuwa bai yi wa Faransanci daɗi ba: tsarin mulkin jihar na 1921 ya mai da Ingilishi harshen koyarwa, ana horon yaran da suka yi harshen iyayensu a makaranta, akordiyon ma ta kusa ɓacewa daga faifai. Wanda ya shigo gida ranar da aka yi sata, da wuya ya kuɓuta daga zargi. Zargin da ake yi wa gitar ƙarfe ke nan har yau: wai ƴar aiken Amurka mai Ingilishi ce.

Tarihin da ya biyo baya bai goyi bayan wannan zargi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu akordiyon ta dawo da ƙarfinta, ta hannun Iry LeJeune a 1948 da Nathan Abshire a 1949, kuma dawowarta ba ta kori gitar ƙarfe ba. Atlas Frugé ya kaɗa ta a ƙungiyar Abshire. Aldus Roger, wanda ya yi shekaru yana fitowa a talabijin ta KLFY a birnin Lafayette, da ita ya gina amon ƙungiyarsa, haka ma Belton Richard bayansa. Waƙoƙin nan da Faransanci ake rera su, manoman shinkafa da ma'aikatan mai ke taka rawarsu daren Asabar.

Dalilin zamanta a kunne yake. Akordiyon ta Kajun maɓalli goma gare ta a layi guda, muryoyinta ƙayyadaddu ne, kuma tana numfashi: a ja, a tura, kowane sauti da gefensa mai kaifi. Ba ta iya bin ƴar tazarar da ke tsakanin murya da murya, inda mawaƙin Kajun yake karya harshe ya yi kukan da aka san shi da shi. Goge na iya bi, amma sautinsa siriri ne a zauren da ya cika da takun ɗaruruwan ƙafafu. Gitar ƙarfe ce ke riƙe sauti ta ja shi tsawon numfashi biyu ko uku, ta sulale daga wannan murya zuwa waccan. A rawar bals, mai taku uku, ita ke cike gurbin da mawaƙi ya bari in ya tsaya shan iska. A rawa mai taku biyu kuwa gwanin Kajun ba ya barin tsirkiya ta yi ta kuka. Datse ta yake da gefen hannu, yana bugu gajere gajere a bayan akordiyon har zagayensa ya zo, ya ɗauki karin waƙar yadda yake, ya miƙa wa na gaba. Nan ya bambanta da takwaransa na Nashville, wanda ado da ƙawa suka fi damu.

To, me ya fitar da ita daga hoton? A 1964 Dewey Balfa ya je bikin kiɗan gargajiya na Newport, ya ga dubban baƙi sun miƙe suna tafa wa kiɗan da ake rainawa a gida. Ya dawo ya shiga fafutukar farfaɗo da shi. A 1968 aka kafa hukumar CODOFIL don raya Faransanci, a 1974 aka yi babban taron karrama kiɗan Kajun a Lafayette. Aiki ne na alheri, ba mai musun haka. Amma masu sauraro na jami'o'i da na Turai kiɗan zaure suke nema, marar lantarki, mai ƙamshin zamanin kakanni, kuma shi aka fi kai musu. Sai kiɗan ya rabu biyu: na bukukuwa, wanda duniya ta sani, da na gidajen rawa irin su La Poussière a Breaux Bridge, inda gitar ƙarfe ta ci gaba da aikinta ba mai rubutu a kanta. Wanda ya saurari faifan Juju Music na King Sunny Adé, na 1982, ya ji Demola Adepoju yana kaɗa irin wannan gita, kuma ba a ce kiɗan ya daina zama na Yarbawa ba.

A yau ƙungiyoyin matasa da dama masu yawon ƙasashe ba su da ita. Ba ƙiyayya ce kaɗai ba. Irin ta zamani, mai feda a ƙafa da sanduna a gwiwa, tana da tsada da nauyi, koyonta na cin shekaru, kuma kowane makaɗi da aka ƙara, kason kowa ne ya ragu. Duk da haka ba ta mutu ba. Ƙungiyar High Performance, da Steve Riley da abokansa suka haɗa don maido da amon gidajen rawa na zamanin Aldus Roger da Belton Richard, ta ba Richard Comeaux wuri a tsakiyar kiɗan. A ƙungiyar Lost Bayou Ramblers, wadda ta ci kyautar Grammy a 2018, André Michot kan ajiye akordiyon ya ɗauki irin ta cinya, marar feda, ya fitar da sauti mai kaushi. Hanyar farko ta fi aminci ga masu rawa. Ta biyu ta fi ƙarfin hali, ko da yake wani lokaci ƙarar lantarki kan danne kalmomin waƙa.

A nan masu suka suke da gaskiyarsu. Harshen da ya tsira da ƙyar bai kamata a binne shi ƙarƙashin amsa-kuwwa ba, kuma makaɗin da ya cika kowane gurbi da ado ya mai da bals ta Kajun waƙar kanti. Sai dai wannan laifin hannu ne. Abin da ya fi tada hankali shi ne gado: darussan da ake shirya wa matasa a Luiziyana sun fi karkata ga akordiyon da goge da rera waƙa, salon gitar ƙarfe na Kajun kuwa a kan dandamali aka saba koyonsa, kusa da wani dattijo, daren Asabar bayan daren Asabar, gidajen rawar da ake yin hakan kuma sun ragu ƙwarai in aka kwatanta da shekarun 1950.