Komen Rabi: Sulhu Ko Tilas?

'Yan'uwana mata, duk wadda ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na 1990, ta san Rabi, uwar 'ya'ya tara. Alhaji Abdu ya auro Delu, ita kuwa ya sallame ta. Ba ta zauna zaman tagumi ba, ta ɗora tukunya ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta har ta aurar da Saudatu.

To, da gobara ta cinye shagon Alhaji, sai aka taru a kanta wai lallai ta yi kome. Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Ina masu sulhun suke ranar da take neman na cefane? Wa ya tambaye ta abin da take so?

Wata za ta ce marubuciyar ta ba da mu. Ni kam ban yarda ba. Gaskiyar gidajenmu ta nuna: ana yaba wa mace in ta tsaya da ƙafarta, amma ranar yanke shawara a mai da ita ƙaramar yarinya.

Ba cewa na yi kome laifi ne ba, kuma sana'a ba gāba da miji ba ce. Kowa na buƙatar wani. Amma jingina daban, danniya daban. Iyaye, in za a yi sulhu, a fara jin ta bakin mai gyambon. Allah ya sa mu gane, amin.