Littattafai uku ga masu riƙon amanar masallaci

 

Ƴan uwa, shekarun baya a wani masallaci da na yi limanci, kuɗin rufi suka kasa cika. Babu wanda ya ci ko dala, amma ni ke karɓa, ni ke ajiyewa, ni ke biya, ba rubutu. Wata uku ana kallona a kaikaice cikin sahu. Tun daga nan na shiga neman abin da aka rubuta kan tsarin tafiyar da jama'a, kuma uku sun ishe mu a fara.

Na farko namu ne: Tajuddin fi ma yajibu alal muluk, na Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Maghili, mutumin Tilimsan, wanda ya ratsa ƙasar Ayar kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Babi takwas ne, ana gama shi a zama biyu. Wanda ya fi kama ni shi ne na uku, kan tsara mulki, inda ya rarrabe ayyuka: masu shawara daban, amintattu masu riƙon dukiya daban, marubuta da masu lissafi daban. Kun ga kuskurena ke nan, malam ya faɗe shi shekara ɗari biyar kafin a haife ni. Ya kuma yi ta nanata haɗarin shugaba ya ɓuya wa mutanensa. To amma wa sarki ya rubuta. Komai ya rataya ne ga tsoron Allah na mutum guda, ba za ka sami yadda jama'a za su zaɓi kwamiti ko su sauke shi ba. Dole mu cike wannan da shura.

Na biyu na Bafaranshe ne, Henri Fayol, Administration industrielle et générale, na 1916. Injiniyan ma'adinai ne, ya shugabanci kamfani shekara talatin, kuma rubutunsa busasshe ne kamar ƙasar rani. Ɗana ne ya ja mini shi. Ya ce aikin shugaba biyar ne: hangen gaba, tsarawa, ba da umurni, daidaita sassa, da bin diddigi. Cikin ƙa'idojinsa 14 akwai guda da ta kamata a manna a ƙofar kowace makarantar Islamiyya, wato ma'aikaci ya karɓi umurni daga mutum ɗaya. Ku tambayi ladan. Liman ya ce a kira salla yanzu, shugaban kwamiti ya ce a jira, alhajin da ya sayi lasifika shi ma da tasa magana. Aibin littafin shi ne ya ɗauka kowa albashi yake ci, ana iya sallamarsa. Wa zai sallami tsohon da ke sharar masallaci don Allah?

Wannan giɓi ne Peter Drucker ya taɓa a Managing the Non-Profit Organization, na 1990, wanda wani ɗalibina mai Ingilishi ya fassara mini kaɗan-kaɗan. Maganarsa ita ce ƙungiyar da ba riba take nema ba ta fi kamfani bukatar tsari, don ba ta da ribar da za ta gaya mata ko ta yi nasara. Sai ta rubuta manufarta a taƙaice, ta auna kanta da ita. A wajenmu ke nan: yara nawa suka sauke bana, nawa suka bari, me ya sa? Ya ce mai aikin sa kai ma a ba shi aiki sananne, a horar da shi, a tambaye shi sakamako. Misalansa na Amurka ne, coci-coci da asibitoci, kuma hirarrakin da ya cusa a ciki sun yi yawa, ana iya tsallake wasu. Wanda zai ce me ya haɗa mu da littafin wanda ba Musulmi ba, ya tuna Sayyidina Umar ya kafa diwani alhali tsari ne da Farisawa suka riga mu sani.

Ga ɗalibai, ku fara da al-Maghili, Larabcinsa ba ya da wuya. Za mu buɗe babi na uku ranar Laraba bayan Magariba, in sha Allahu. Ma'aji da magatakarda su zo da littafin lissafinsu.