Lakar Dandaji, Kwanon Ƙaura

A 2018 Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala ginin Hikma a Dandaji ta Nijar: tsohon masallacin laka ya koma ɗakin karatu, sabo ya tashi gefensa da bulon ƙasa matsin inji. Tsohon ya fi kama mana rai. Bakan gizonsa aikin maginan Hausa ne, waɗanda Ingila da Faransa suka ratsa da iyaka. Sabon kuwa ya miƙe sambal, har hannun magini ya ɓace.

Duk da haka kunya ta kama mu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, kwano da siminti muke kira arziki. A Shinkafi ko Zurmi, wa zai ba maginin laka aikin ɗakin karatu?