Flintoff Ya Yi Magana, Ina Likitan Yake?

Mun sake kallon Living with Bulimia, shirin da BBC ta nuna a 2020. A ciki Freddie Flintoff, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Ingila, ya bayyana yadda ya fi shekara 20 yana fama da bulimiya: ya ci abinci, ya kewaya ya tilasta wa kansa amai. Abin ya samo asali ne lokacin da jaridu suka riƙa yi masa ba'a kan ƙiba.

Ƙarfin shirin yana wajen inda-indar Flintoff. Ga ƙato mai faɗin ƙirji, amma da an matsa masa da tambaya sai ya kauce, ko ya sako raha. Masu shirin ba su yanke waɗannan wurare ba, kuma sun kyauta, domin haka namiji yake in ciwon da ke damunsa jama'a sun riga sun ce na mata ne.

Inda muke da ja shi ne nauyin da aka ɗora wa shirun maza. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa da namiji ya buɗe baki shi ke nan. To a gaban wa? A Ingila ƙofar farko ita ce likitan unguwa, mai kusan minti goma da kowane majinyaci. Mai bulimiya kuwa yawanci nauyinsa daidai ne, sikeli ba ya tona shi. Idan ya ce kullum yana wajen motsa jiki, yabo ma zai samu. Alamun suna wani wuri: haƙoran da ruwan ciki ya zaizaye, ƙarancin sinadarin fotasiyam da ke rikita bugun zuciya.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tarko: abin da ba ka sa a sharaɗin bincike ba, ba zai fito ba, sai ka ɗauka babu shi. Sai a 2013 littafin DSM na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya cire ɗaukewar haila daga sharuɗɗan anoreksiya, ciwon ƙaurace wa abinci. Ba a neman wannan sharaɗi ga namiji, amma ya zana wa ɗaliban likitanci hoton budurwa. Alhali tun 1689 likita Richard Morton ya bayyana irin wannan ciwo a mutum biyu, ɗayansu saurayi ne.

Tambayoyi biyar na SCOFF, da aka wallafa a Landan a 1999, ba sa cin lokaci. Mun so a ce kyamarar ta shiga ɗakin duba marasa lafiya, mu ga ko ana yi wa ƙato irin Flintoff ko ɗaya daga cikinsu.